Massey Ferguson 165 ta gado: me za a canza, me za a bari?

Wani matashi daga Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana, ya aiko mini da tambaya. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu tarakta ƙirar Massey Ferguson 165 a gonarsu ta Ejura, shekara shida ke nan tana tsaye ƙarƙashin mangwaro ba a taɓa ta ba. Yana so ya tashe ta kafin huɗa mai zuwa. Fita, wato makaniki, na farko da ya gani ya ce a sayo kayan injin duka sababbi a zuba. Na biyu ya ce ɓata kuɗi ne, gara a sayi injin hom-yus, wato tsohon inji da aka shigo da shi daga waje, a ɗora. Kuɗin hannunsa kuwa ƙidayayyu ne. Tambayarsa ita ce, wane kaya ne dole a canza, wanne ne za a iya bari?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari. Na ji daɗi da ba ka kira masu sayen ƙarfe a kilo ba, domin da idona na ga irin wannan tarakta ana yanka ta da wuta, alhali ƙarfen jikinta zai iya ƙara shekara ashirin yana noma. Shekarata talatin da ɗoriya a Magazin na Suame, unguwar fitoci ta Kumasi, ina kwance irinsu ina ɗaurawa, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne, kada ka sayi ko noti ɗaya tukuna. Fitocin nan biyu duk sun yanke hukunci ba su buɗe ba, ba su auna ba. A wannan aiki awo ne ke cewa a canza ko a bari, ba ido ba, ba kuma jerin kayan da mai shago ya haddace ba.

Fara da sanin wace ce a gabanka. Lambar 165 da ke jikin bonet ba ta isa ba. An fara ƙera wannan ƙira a 1964, aka ci gaba har tsakiyar shekarun 1970, kuma yawancin waɗanda suka shigo mana daga masana'antar Banner Lane suka fito, a birnin Coventry na Ingila. Injin ɗin na Perkins ne, kamfanin da Massey Ferguson ta saya a 1959. To amma injin iri biyu aka saka wa 165 mai dizal. Na farko AD4.203, faɗin silindarsa milimita 91.4. Na baya A4.212, faɗin tasa silindar milimita 98.4. Ka ga fistin ɗin wannan ba zai shiga wancan ba, haka ringi, haka gasket. Ƙari a kan haka, tarakta mai shekara hamsin ta bi hannaye da yawa kafin ta zo hannun mahaifinka. Ba abin mamaki ba ne ka tarar wani ya ɗora mata injin Perkins 236 ko 248 da aka ciro daga wata Massey Ferguson, irin su 185 ko 290. Saboda haka ka ɗauki burushin waya ka goge gefen bulok inda aka buga lamba, ka shafa alli a kai don ta fito, ka ɗauki hoto. Idan lambar ta fara da LD, 236 ne. Idan LF ce, 248 ne. Da wannan hoto za ka shiga kowane shago, kuma duk mai shagon da bai nemi ganinsa ba ya miƙo maka kaya, ka yi masa sallama ka ƙara gaba.

Sai abu na biyu, wanda nake roƙonka da girman Allah: kada a ɗaura mata igiya a ja ta don ta tashi. Salansar wannan tarakta sama take kallo. Shekara shida damina biyu-biyu irin ta Ejura, in ba gwangwani aka kifa a bakinta ba, ruwa ya gangara ya shiga duk silindar da bawul ɗinta ya tsaya a buɗe. Can zai kwanta, ringi ya yi tsatsa ya manne da bango. Idan aka ja ta da ƙarfi, ko dai ringi ya karye ya kwarzane bangon, ko sandar fistin ta lanƙwashe saboda ruwa ba ya matsuwa. Abin yi shi ne a cire nozul ɗin nan huɗu, a zuba dizal gauraye da ɗan baƙin mai a kowane rami, a bar shi kwana biyar ko mako. Bayan nan a sa sifana a notin gaban karanshaf a riƙa motsawa gaba da baya a hankali. Idan ya juya zagaye biyu cikakku ba tare da ya cije ba, alhamdu lillahi, rabin tsoronka ya tafi.

Daga nan sai a sauke mai, kuma kada a zubar da shi ƙasa kafin a karanta shi. Ni kwano fari nake tarawa. Abin da ya fara fitowa idan an sassauta notin ƙasa shi ne mai ba da labari, domin ruwa ya fi mai nauyi, shi ke kwanciya a ƙasa. Sai in sa yatsa biyu in murza. Idan na ji tsaki-tsaki kamar rairayi, ƙura ta sha shiga. Idan na karkata kwanon a rana na ga ƙyalli kamar garin tagulla, to metal, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ya ci har ya kai jan ƙarfensa. Man baya kuma, wanda giya da gatarin baya da famfon ɗaga garma suke tarayya a kansa, sau da yawa za ka gan shi ya koma launin koko. Ruwan sama ne, kuma ta robar gindin sandunan giya yake shiga idan ta tsage. Roba ce ta 'yan sidi kaɗan, amma ita ke kashe famfo da boris na dubbai. Ka jefa maganadisu cikin kwanon. Laushin gari baƙi ba komai, tsufa ne. Ɓarɓashin haƙori shi ne abin damuwa.

Idan injin ya juya, ka daure ka tashe shi kafin a kwance. Sabon mai, sabbin filta, dizal mai tsabta daga galan, batir mai ƙarfi. Injin da ke aiki yana faɗin ciwonsa da bakinsa, wanda aka barbaza a ƙasa kuwa sai an yi ta lalube. Hayaƙi shuɗi-shuɗi da ba ya yankewa bayan ya yi zafi, baƙin mai yake ƙonawa. Baƙi ƙirin ƙarƙashin kaya, ko iska ta yi masa kaɗan ko nozul suna zubar da dizal. Fari mai yaji a ido, dizal ne bai ƙone ba. Ka sa tafin hannu a bakin bututun numfashi da ke gefen injin: ɗan tururi ba laifi, amma idan yana bugun hannunka fuf-fuf-fuf, matsi yana zurarewa ta gefen ringi. Sannan a ɗaura agogon auna ƙarfin mai na gaske, a duba bayan injin ya yi zafi sosai, ba da sanyi ba. Da sanyi kowane tsohon injin jarumi ne.

Akwai kayan da ba a yi musu awo ko shawara. Duk abin da yake roba ne, ko takarda, ko igiya, a zubar: tiyo na lagireto, fambel, duk wani oyil sil, duk wani gasket, duk zoben roba, filtoci, robar sandunan giya da na ambata. Shekara shida a rana da raɓa sun gama da su ko da idonka bai gani ba. Wayoyin wuta ma haka, ɓera da gara sun yi nasu, kuma wayoyin wannan tarakta kaɗan ne, yini ɗaya ya isa a sake su gaba ɗaya. Wannan kashi ba shi da tsada, kuma shi ne inda rowa ta fi cutarwa.

Inda ake bukatar natsuwa shi ne cikin injin. Idan an ɗaga tof silinda, ka kai fistin ƙasa ka bi bangon silinda da farcenka daga ƙasa zuwa sama. Kusa da baki, inda ringin sama yake tsayawa, za ka ji wata 'yar gaɓa. Idan da kyar farce ke jin ta, kuma bangon ba rami ba tsatsa mai zurfi, ana iya goge shi a sa sabon ringi. Idan farce ya maƙale a kanta, hannun rigar silindar ya ƙare, sai sabo. Kada wani ya ce maka a sa sabon ringi kawai a kan wannan gaɓa. Sabon ringi kaifin bakinsa cikakke ne, zai riƙa dukan gaɓar a kowane hawa har ya karye ko ya fasa kafaɗar fistin. Alherin injin Perkins shi ne bangon silindarsa hannun riga ne da ake cirewa a danna wani, bulok ɗin asali yana nan daram. Sai dai ka tambaya ko wanda za ka saya gamamme ne, ko kuwa irin wanda sai an danna shi sannan a rarake shi a kan inji. Duka biyun suna kasuwa, kuma a ido kusan ɗaya suke.

Ga wani abu da na koya da hawaye. Hannun rigar iri biyu ne a tsofaffin injinan nan: akwai mai rufin kurom mai ƙyalli, akwai na baƙin ƙarfe zalla. Mai kurom ringin baƙin ƙarfe yake so. Na baƙin ƙarfe shi ke ɗaukar ringi mai kurom a sama. Dole ɗaya ya fi ɗaya taushi don su ci juna su zauna. Shekarun baya, ina sabon cin gashin kaina, wani mai shago ya ba ni ringi mai kurom ya rantse mini daidai ne, na sa a silinda mai kurom ta wani dattijo manomi daga wajen Atebubu. Injin ya tashi da daɗi. Mako uku ya dawo, salansa na tofar da mai, kullum sai ya ƙara galan. Da na buɗe na tarar ringin yana nan sabo fil kamar ranar da na sa shi, bai zauna ba sam. Dattijon bai ɗaga mini murya ba, cewa kawai ya yi ruwan farko ya wuce shi. Na sake aikin daga aljihuna, amma huɗar da ya rasa ban iya mayar masa da ita ba. Tun daga ranar nake sayen hannun riga da fistin da ringi a kwali ɗaya, daga kamfani ɗaya.

Wannan ita ce ƙa'idar da nake so ta zauna maka: ƙarfe biyu da suka tsufa tare sun saba da juna, idan za a raba su a duba duka biyun. Sabon bushi a kan fil da ya suɗe wata biyu zai yi. Sabon boris a cikin tsohon zobensa haka. Babbar giyar gatarin baya da ƙaramar da ke juya ta tare ake canza su, in ba haka ba za su yi ta kuka har su cinye juna. Abin da ya sa nake cewa wani lokaci barin tsofaffi biyu da suke cikin awo ya fi a haɗa sabo da tsoho.

Karanshaf kuwa, ɗana, ka riƙe na asali da hannu biyu muddin bai tsage ba. Da tsohuwar zuma ake magani. A wanke shi, ka bi wuyoyinsa da farce, sannan a kai wa mai maikiromita ya auna kowane wuya ta fuska biyu, don a ga ko ya zama ƙwai. Idan ya ci, a nan Magazin akwai masu yanka shi. Ana yankawa zuwa 10, ko 20, ko 30, wato milimita 0.25, 0.50 da 0.75, kuma kowanne akwai metal ɗinsa. Shi ya sa ba a sayen metal sai an dawo daga wurin yanka. Ka duba bayan tsohon metal, za ka ga an buga ko an taɓa yankawa. Ka kuma roƙi mai yankan ya bar kwanar gindin wuya a zagaye yadda take, domin idan ya mai da ita kaifi daga nan karanshaf ke karyewa. Bayan yanka a bi ramukan mai da burushi da iska, garin dutsen wasa ɗaya da ya maƙale a ciki ya isa ya kashe sabon metal a yini. Famfon baƙin mai, idan ƙarfin mai ya yi ƙasa da zafi, a canza shi, ba a ciniki a nan. Idan injin naka A4.212 ne ko ɗan'uwansa, akwai na'urar daidaita girgiza a ƙasa wadda famfon ke jikinta, tana da alamomi da dole su haɗu da na karanshaf. Wanda ya ɗaura ba bisa alama ba zai ji taraktar tana karkarwa kamar mai zazzaɓi. Sil ɗin baya ma iri biyu ne, na igiya da na roba, kowanne da irin karanshaf ɗinsa.

Tof silinda aikinsa sananne ne. A duba ko ya bankare, a duba tsaga tsakanin bawul, a canza bututun da bawul ke gudu a ciki idan yana lilo, a wasa mazauni. A ɗaure notuna bi da bi daga tsakiya zuwa waje da sifanar awo kamar yadda littafin injin ya faɗa, a bar tazarar bawul milimita 0.30 da sanyi.

Famfon dizal ɗin na kamfanin CAV ne, irin mai juyawa. Wannan kada ka yarda kowa ya buɗe shi a ƙarƙashin bishiya ko a kan buhu. Tazarar cikinsa ta fi gashin kai siranta, ƙura ɗaya ta isa. A kai shi tare da nozul huɗu wurin masu teburin gwaji, ka tsaya ka ga feshin da idonka: hazo ya kamata ya fito, da ɗan ƙara, ba ɗigo ba. Kada ka kai hannu kusa da feshin, yana huda fata. Sau da yawa sil da bakin nozul kawai ake canzawa, famfon asali ya koma aiki. Amma duk wannan banza ne idan ba a sauke tanki an wanke ba. Shekara shida, akwai tsatsa da ruwa da dauɗa a ƙasansa. Kuma idan ta koma gona, dizal ɗin duro a bar shi ya kwanta kafin a ɗiba, kada a ɗebo na ƙasa.

Wurin iska mutanenmu suka fi sakaci. Yawancin injinan da na buɗe ba aiki ne ya cinye su ba, ƙura ce. Huɗar farkon damina a busasshiyar ƙasa, ga hazon hunturu, ga tiyon iska da ya tsage aka naɗe da leda. Idan tukunyar iskar mai wanka da mai ce, a wanke ragar da kananzir, a zuba mai daidai layi, kuma lokacin aiki direba ya riƙa duba ta kullum. Lagireton asali na tagulla ne, masu gyaransa suna nan, a buɗe a zure bututun ko a sake masa ciki, ya fi sabo marar nauyi. Kuma a mayar da tamostat, na'urar da ke daidaita zafin ruwan injin. Na san fitoci da yawa suna cire shi su ce ƙasarmu zafi gare ta. Injin da ba ya kai zafinsa na aiki ba ya ƙone dizal da kyau, ragowar ta wanke man bango, ringi ya ci da wuri.

Yanzu ka kwanta ƙarƙashinta ka dubi ƙasan gidan kuloci. Akwai ɗan rami da wata kusa mai baki biyu tana lilo a ciki. Aikinta ta hana ramin toshewa. Idan mai yana ɗiga daga nan, ko sil ɗin bayan injin ne ko na gaban giya, kuma duka biyun sai an raba taraktar gida biyu. Tunda haka ne, ranar da aka raba ta a yi komai: farantin kuloci biyu, domin hawa biyu gare shi, na farko na tafiya, na biyu na shaf ɗin baya mai juya injin casa; boris ɗin turawa, ɗan boris na tsakiyar filawil, sil na gaba da na baya. A dubi fuskar filawil, a dubi haƙoran da sitata ke kamawa. Kada ka bar boris na sidi kaɗan ya sa a sake raba ta a tsakiyar damina. Araha ba ta ado a wurin da sai an yi yini biyu kafin hannu ya kai. Kuma ranar rabawa a yi ta a kan siminti, a cusa katako tsakanin gatarin gaba da jiki ta gefe biyu don kada gaban ya kife, a tokare tayoyi, kada kowa ya shiga ƙarƙashi yana dogaro da jak kaɗai.

Hannuwan ɗaga garma, wato tsarin da Harry Ferguson ya shahara da shi, gwajinsu mai sauƙi ne. A rataya garma mai faifai uku, a ɗaga, a kashe injin. Idan ta sauka cikin 'yan mintuna, fistin ɗin tulun ɗagawa ko ringinsa sun ci. A cire murfin gefe a haska tocila, za a ga inda man ke zubowa. Idan tana ɗagawa tana shessheƙa, bawul ɗin famfo ne. Idan da sanyi tana ɗagawa da zafi ta kasa, famfon ya tsufa. Ana samun kayan gyaransa, kuma idan jikinsa bai ci ba gyara ya isa. Kafin a zargi famfo dai a wanke ragar tace mai, a kwashe laka daga ƙasan gidan. Man da za a zuba ya haura lita 25, saboda haka ka sa shi a lissafi tun yanzu. Ka sayi man tarakta na musamman mai yi wa giya da famfo aiki tare, musamman idan birkinta irin na cikin mai ne.

Birki da sitiyari ba na sa su a jerin abin da za a jinkirta. Tarakta mai jan tirela cike da masara a gangaren Mampong ba abin wasa ba ce. Idan birkin busasshe ne kuma sil ɗin gatari ya yi yoyo, faifan sun sha mai, wanki ba ya fitar da shi, a canza su tare da sil ɗin. A ɗaga gaba da jak a girgiza kowace taya sama da ƙasa, hagu da dama, a ga inda wasan yake: boris, ko fil ɗin tsaye da bushinsa, ko kawunan sandar sitiyari, ko babban fil na tsakiyar gatari. Idan tana da Multi-Power, wato tsarin da ke raba kowace giya babban mataki da ƙarami, ka gaya wa direba tun ranar farko cewa a ƙaramin mataki injin ba ya riƙe ta a gangare, sakin kanta take yi.

Game da inda za ka saya, kaya iri uku ne a gabanka, kuma kowanne da wurinsa. Sababbi na kamfanonin waje, daga Ingila, Turkiyya, Indiya da Pakistan. Kada ka raina na Indiya da Pakistan don sunan ƙasa, domin kamfanin TAFE a Indiya da Millat a Lahore sun daɗe suna ƙera Massey Ferguson da izini, kuma akwai masu yi musu kaya na ƙwarai. Akwai kuma na bogi a kwali mai kyau. Ka tafi da tsohon a hannu, ka jera su, ka auna nauyi a tafinka, ka dubi gogewar fuska. Waɗannan su ne na fistin, ringi, metal, sil, kuloci, boris. Na biyu kayan kwance, a nan Magazin ko Abossey Okai a Accra. Su ne zaɓina ga giya, shaf, gidan gatari, hannun ɗagawa, murfi, duk wani ƙarfe mai nauyi, domin na asali ko tsoho ne ya fi sabon kwaikwayo. Na uku abin da ake ƙerawa a nan gida. Tun da jami'ar KNUST ta Kumasi ta buɗe cibiyar koyar da fasaha a cikin Magazin a 1980 aka samu masu injin fiƙe ƙarfe da masu zubi da suka san aiki. Bushi, fil, kusoshin garma, madogari, za su yi maka daidai ramin da ya buɗe, abin da na kanti ba zai yi ba. Amma kada a ƙera maka notin sandar fistin ko na tof silinda, kuma kada a yi wa sandar sitiyari walda. Ka kuma lura, zaren notunan taraktar nan na inci ne irin na Ingila, ba na milimita ba. Yaro ya tura na milimita da ƙarfi ya ci zaren bulok, an shiga wani aikin. Duk notin da aka cire a jefa shi cikin gwangwani mai alama.

Shi kuwa injin hom-yus, ba haram ba ne, amma ka san kana sayen injin da shi ma shekarunsa arba'in ko hamsin, kuma ba ka san abin da ya gani ba. Wuri biyu kawai nake ba da shawararsa: idan bulok ya fashe, ko karanshaf ya wuce yanka kuma tof silinda ya tsage, har lissafin gyara ya haura kuɗinsa. Ko a nan ma sai an tashe shi a gabanka, ya yi zafi, ka ga agogon mai, ka sa hannu a bututun numfashi. Kada ka bar tsohon naka a wurinsu a matsayin ciko, domin famfon dizal da tof da sitata na jikinsa za su yi maka rana.

Idan an gama ɗauri, kada a bar ta tana gurnani a tsaye yini guda da sunan sabawa. Sabon ringi kaya yake so don ya zauna. Bayan an tabbatar da ƙarfin mai kuma ba yoyo, a sa mata aiki matsakaici, haro ko tirela rabin kaya, ana sauya gudu, ba a danne ta har ƙasa. A sake bin notunan tof da tazarar bawul bayan zafin farko, a sauke mai da filta kafin awa 50. Shekarar farko kuma ka bar ta ta yi huɗar Ejura a gaban idonka. Na san abokan mahaifinka za su ce a bi su arewa, Tamale da Yendi da Salaga, idan ruwan can ya sauka bayan an gama na nan, kuma akwai kuɗi a wannan tafiya. Amma can dare da rana ake yi, nesa da fitan da ya ɗaure ta. Sai shekara ta zagayo.

Tayoyin baya su ne za su fi girgiza aljihunka bayan injin. Idan tsagar ta tsaya a fata ba ta kai zare ba, sabon tub zai kai ku wannan daminar, amma a cire tayar a dubi garen, domin ruwan da ake ɗura musu don nauyi yana cin ƙarfe ta ciki. Fenti kuma, ja da toka irin nata, ka ajiye shi sai an sayar da masarar farko.

Ka je Ejura ranar hutunka da burushin waya da alli da farin kwano. Ka turo mini hoton lambar bulok, da na man da ya fara fitowa daga injin da na baya, ka kuma gaya mini ko an kifa wani abu a bakin salansa. Daga nan zan faɗa maka ko a ɗoro ta a babbar mota zuwa Kumasi, ko in turo maka yarona da akwatin sifana ya fara a can.